Ki Ja Hambirki, Mamana

Nasarawa GRA, Kano.

Zuwa ga 'yata Bilkisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na sa Ummanki ta cusa ta can ƙasan akwatinki, don haka na san ba za ki gan ta ba sai kin sauka a Jos kin fara warware kaya. Allah ya sa kin sauka lafiya, ya sanya albarka a sabon aikin, ya haɗa ki da abokan zama na gari, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutum. Amin.

Mamana, ina mai sanar da ke, da Ummanki, da duk wanda abin ya shafa a ciki da wajen gidan nan, cewa ranar Larabar da ta wuce, bayan sallar la'asar, ni mahaifinki na karanta littafin da ke zuwa tare da mota. Daga bango zuwa bango. Shekara tara yana kwance a aljihun gaban motar, cikin ledarsa, a ƙarƙashin katunan ɗaurin aure da wani tsohon asuwaki. Mutumin da ya karanta tarihin daulolin da suka shuɗe, ya haddace baitocin nahawu, ya cika ɗaki guda da littattafai har Ummanki ta rasa inda za ta jera kwanukanta, bai taɓa buɗe ɗan littafin da ke bayanin abin da yake hawa kullum ba. Ba sai an yi walima ba. Addu'a ta wadatar.

Kin san abin da ya kai ni. Kin ce ba za ki tafi da motar ba, adaidaita sahu ta ishe ki. Shekara uku ke nan rabonki da riƙe sitiyari, tun ranar da motar ta gangara a tsakar gida ta danne ƙafar Malam Ado mai gadi. Na san wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma ba zan zuba ido ki je garin da ba ki da kowa, asibitin da za ki yi aiki yana wannan gefe, masaukinki yana wancan, ki riƙa tsayuwa bakin titi cikin ruwan sama kina ɗaga hannu, alhali ga mota a gida kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Motar za ta zo. Baffanki Sani zai kawo miki ita ranar Asabar ta sama. Wannan ba shawara ba ce, an riga an gama.

Ba zan cika ki da labarin gida ba, Ummanki za ta yi wannan a waya fiye da yadda kike buƙata. Abin da nake so in ba ki shi ne tarihin wautata a wajen ajiye mota, tunda gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, balle wanen ubanki ne.

Ni a mota mai giyar hannu na koyi tuƙi, kuma da ita na yi rabin rayuwata. Da na sayi otomatik ta farko, ƙafata ta hagu ta yi wata uku tana laluben kuloci kamar wanda aka ɗauke wa takalmi a ƙofar masallaci. A satin farko na tafi Giginyu in nuna wa kakanki Malam, mahaifin Ummanki, Allah ya jiƙansa. Na ce gaisuwa na je yi, amma Allah ya san motar na kai. Ina karya kwana sai na hango shi tsaye a ƙofar zaure da carbinsa. Kin san ba a gaida suruki daga cikin mota. Na taka birki, na buɗe ƙofa, na dire, na tuɓe takalma, na durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau, Kabiru. Yaya iyali?"

"Suna lafiya, suna gaishe ku."

"Madalla. Yaya yaran? Yaya aiki? Yaya mutanen Nasarawa?"

Ina ta amsawa kaina a sunkuye, shi kuwa ashe idonsa yana can bayana. Sai da ya kammala gaisuwar tsaf, bai tsallake ko kaza ba, sannan ya ce, "To, alhamdulillahi. Ita kuma motar, aikenta ka yi?"

Na waiga. Ga ta can tana tafiyarta a hankali, ƙofa a buɗe, kamar tsohuwa za ta barka. Na bi ta a guje ba takalmi, hula ta faɗi. Allah ya taimake ni maƙwabcinsu yana gini, tulin yashi ya tare ta kafin ta kai inda mata ke ɗibar ruwa. Har Malam ya koma ga Allah, in na je gaishe shi sai ya leƙa waje ya ce, "Yau ka ɗaure dabbar taka?"

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, tsohuwar motata in ka ɗauke ƙafa tana cikin giya, sai ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Tana da kunya. Otomatik ba ta da ita. Muddin tana kan D ko R, wato giyar gaba ko ta baya, kuma inji yana aiki, ba ta jiran totur, tafiya take yi. Saboda haka, Mamana, kada ƙafarki ta taɓa ƙasa sai giya tana kan P. Kada ki yarda da hannunki, ki dubi harafin a gabanki da idonki. Komai girman wanda kika hango, shugaban asibiti ne, surukarki ce nan gaba, ko ni ne, zai iya jiran daƙiƙa biyar. Ladabi ba ya lalacewa don an ɗan jinkirta shi. Haka in za ki fita buɗe get, ko ɗauko abin da kika manta a ɗaki. Wannan "yanzu zan dawo" ita ce ta fi kowace magana karya mutane.

Kina tsammani daga nan na yi hankali. To, na yi rabinsa. Na riƙe P da hannu bibbiyu, har na mai da ita addini, na watsar da hambirki, wato birkin hannu, gaba ɗaya. Hujjata kuwa mai kyau ce a baki: Kano shimfiɗaɗɗiya ce kamar faranti, in ka cire Dala da Goron Dutse, kuma ba wanda ke fakin a kansu. Hambirki, in ji ni, na mutanen Jos ne. Dubi yadda Allah yake abinsa, yau ga 'yata a Jos.

Bayan 'yan shekaru motar ta fara wani hali. In na ajiye ta a ɗan gangaren ƙofar ofis, da na zo fitar da ita daga P sai sandar ta ƙi motsi, in na matsa mata sai in ji ƙas, kamar an karya rake. Na kai ta wajen Malam Iliya bakanike a Gawuna. Ya saurare ni ina ba shi bayani mai tsawo a kan yadda masu ƙera motocin zamani suka daina tsoron Allah. Ya shiga rumfarsa ya tono wani ɗan ƙarfe daga cikin tarkace ya ɗora mini a tafin hannu.

"Alhaji, ka ga wannan?"

"Na gani."

"Ya kai ɗan yatsanka?"

"Da ƙyar."

"To, ita ce P ɗin taka. Ɗan ƙugiya ne yake faɗawa tsakanin haƙoran giya ya riƙe. Shi kaɗai ka ɗora wa motar nan, da kai, da Hajiya, da buhun shinkafar da ke but. Kuma na lura da shigowarka, ba ka bari ta gama tsayawa kake cusa ta."

Na ce, "Malam Iliya, ai P ɗin nan ma'anarta fakin. Waɗanda suka rubuta ta sun san abin da suke yi."

Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Allah ya ƙara ilimi, Alhaji. Ni ban yi boko ba. Amma ƙarfen nan ma bai yi ba."

Na yi dariya tare da shi, na shiga mota, na ci gaba da halina. Girman kai rawanin tsiya ne, kuma nawa naɗin ya yi kyau.

Ga abin da ya gaya mini ranar, wanda na sake tararwa a littafin nan ranar Laraba, ba bambanci ko na wasali. In kin iso inda za ki ajiye mota, ki taka birki har ta tsaya cak, ba tsayawar mai sauri ba. Ƙafarki tana kan birki ki mai da giya N, wato firi. Ki ja hambirki sosai, har ki ji ya kama. Sai ki sassauta ƙafarki a hankali. Za ki ji motar ta ɗan yi ajiyar zuciya ta zauna. In ta ci gaba da motsi, bai kama ba, ki taka ki ƙara ja. In ta zauna, ki sake taka birki, ki kai giya P, ki kashe inji, ki zare mukulli ki sa a jaka. Ta haka nauyin yana kan hambirki, ɗan ƙugiyan nan kuma yana gadi a bayansa, in ɗaya ya gaza ɗaya yana nan. In za ki tashi, ki taka birki, ki tayar, ki sa giya, sannan ki sauke hambirki. A rubuce abin ya yi kama da sharuɗɗan alwala, amma in hannu ya saba bai kai tsawon atishawa biyu ba. Malamai sun ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ban ji wanda ya ce igiya biyu ta yi yawa ba.

Akwai kuma ranar ɗaurin auren ɗan abokina. Na makara, na sha babbar riga mai sitaci wadda in na zauna sai ta cika gaban motar. Na tura giya gaba a ƙarƙashin hannun rigar, ban gani ba, na kashe inji. Mukulli ya ƙi fita. Na ja, na murɗa, na karanta abin da ya sawwaƙa, na zagi waɗanda suka ƙera ta har kakanninsu. Ina cikin wannan kokawa na ji an shafa fatiha. Da na naɗe hannun rigar don in ji daɗin faɗan, sai ga giya a kan R, taki ɗaya tsakaninta da P. Motar ce take ƙoƙarin cetona, ni kuwa ina neman karya mata haƙori. To, in mukulli ya ƙi fita, ko motar ta dame ki da ƙara bayan kin buɗe ƙofa, kada ki ce ta lalace. Magana take yi. Ki zauna ki duba. Mayafinki ma zai iya yi miki abin da rigata ta yi mini, ki riƙa tattare shi daga kan giya.

Jos ba Kano ba ce. Can ƙasa ba ta san kwanciya ba, ko'ina ko hawa ko gangara. In dole ki ajiye a irin wannan wuri, bayan duk abin da na lissafa, ki karya sitiyari ta yadda ko da ta kuɓuce za ta nufi gefen hanya ta tokare, ba tsakiyar titi ba. In gangaren ya yi tsanani kuma ga dutse kusa, ki sa shi a ƙarƙashin taya, kada ki ji kunya. Direbobin manyan motoci ba wawaye ba ne. In kuma akwai wuri mai daidai ɗan nesa, ki tafi can ki tako da ƙafa, likitoci ai ku ne kuke cewa mu riƙa tattaki. A masauki, ki saba shiga da baya tun da kin dawo idonki a buɗe, don da safe kina sauri ki fita da gaba kina ganin abin da ke gabanki. Kada ki bar kowa a cikin mota inji yana aiki, babba ko ƙarami, ko da kuwa za a ce kin cika tsanani.

Kin ga ina ta kewaye-kewaye kamar mai neman wurin fakin a kasuwa. Bari in shiga.

Lokacin da kika gama makarantar koyon tuƙi, kin dawo gida da halin kirki. Duk inda kika tsaya sai kin ja hambirki, ƙarrr, har a ɗakin karatuna ina ji. Ni kuwa na samu abin nishaɗi. In kin shigo falo sai in ce, "Sannu da zuwa, direba. Tirelar ta tsayu?" Ƙannenki su fashe da dariya. Wata rana kin ce, "Abba, haka malaminmu ya ce a riƙa yi." Na ce, "Malaminku shekararsa nawa yana tuƙi? Ni tun ba a haife shi ba nake kan titi." Kika yi murmushi. Bayan wata biyu na daina jin ƙarar, har na yaba wa kaina cewa na gyara ki. Ni ne kuma na koya miki ki riƙa sa ta a firi in kina jiran a buɗe get. Ni ne na kafa dokar a bar mukulli a jiki in an shigo gida, don ina son in gyara wa kowace mota tsayuwa da kaina, kamar ba wanda ya iya sai ni. Tsakar gidan ma ni na tsaya a kan magina suka karkata ta wajen get don ruwan damina ya riƙa ficewa.

Ranar, hadari ya haɗu, kin dawo daga kasuwa da kayan Ummanki, tana ƙwala miki kira ki zo a kwashe shanya. Kin shigo, kin tsaya, hannunki ya kai giya firi kamar yadda ya saba, kika kashe, kika bar mukulli, kika ruga. Malam Ado ya rufe get ya tsuguna jikin ginshiƙi yana alwalar la'asar, ya ba motar baya. Ba ta yi ƙara ba. Sai salatinsa muka ji.

Kin san sauran: ƙashin ƙaurinsa da ya karye, watannin da ya yi a kwance, da ɗingishin da ya rage masa har yau. Kin kuma san abin da na ce miki a gaban Ummanki da ƙannenki da maƙwabtan da suka shigo taimako. Na ce wanda bai iya ajiye mota ba, ba shi da hurumin tayar da ita. Magana ce mai tsari, irin wadda nake alfahari da iya ƙerawa. Kin je kin zare mukullin kin ajiye a kan teburina, ba ki sake taɓa shi ba.

Makon jiya ina zaune a ƙarƙashin darbejiya Malam Ado ya zo ya tsuguna.

"Alhaji, wai da gaske Hajiya ƙarama ba za ta tafi da motar ba?"

Na ce haka kika ce.

"To, ni na karye a banza ke nan. Ai in an yi karatu mai tsada irin wannan, sai a ci moriyarsa. Yanzu duk Kano ba wanda zai fi ta iya ajiye mota."

Na ce, "Kai take jin nauyi, Malam Ado."

"Ni? Ni da na yafe tun ana ɗora ni? Ƙaddara ce. Kuma ƙafar nan ta zame mini rediyo, kwana biyu kafin ruwa take sanar da ni. 'Yan'uwana a ƙauye sai sun bugo mini waya suke shuka."

Muka yi dariya. Ya miƙe zai tafi, sai ya tsaya yana gyara hula.

"Alhaji, in ba za ka ji haushi ba. Da can, in ta shigo, ina jin ta ja abin nan mai ƙara. In na ji shi sai in juya baya in yi harkata, hankalina kwance. Daga baya na daina ji. Ban dai san dalili ba."

Ya san dalili, Mamana. Gidan nan ba abin da ke wuce kunnen mai gadi. Shekara uku yana buɗe mini get yana cewa a dawo lafiya, bai taɓa faɗa ba sai da ya ga za ki tafi a ƙasa.

Saboda haka ki saurare ni. Baffanki zai kwana biyu a wajenki. Ranar farko ki zauna a kujerar direba, shi a gefe, ko ba ki je ko'ina ba. Ki tayar, ki sa giya, ki matsa taki goma, ki tsaya, ki ajiye ta yadda na rubuta. Ki maimaita har hannunki ya saba. Za ki ji tsoro, wannan ba abin kunya ba ne. Rana ta biyu ki kai shi tasha da kanki. In kin dawo kin ajiye, ki kira ni. Ba na son dogon bayani, ki ce mini kawai ta tsayu. Ba zan daina tambaya ba sai na ji, kuma kin san ni da naci.

Allah ya tsare ki a hawa da sauka, a tafiya da tsayuwa. Ya kare ki daga cutar da wani, ya kare wani daga cutar da ke. Ya sa ki fita lafiya ki dawo lafiya, ya ba ki natsuwar zuciya da ta hannu, ya yi miki albarka duniya da lahira. Ummanki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Malam Ado ya ce a gaya miki za a yi ruwa jibi.

Saura magana ɗaya. Daidai aka koya miki, ni na yi ta miki dariya har kika bari, sannan na ɗora miki laifin a gaban jama'a. Na yi kuskure, Mamana. Ki yafe mini.

Wassalam.

Abbanki.